Wace Kala Ɗiyarki Ke Shafa wa Amarya?

Uwargida, in kina da ɗiya mace da ta fara riƙe fensir, ki gwada wani abu yau da dare. Ki ba ta farar takarda da kwalin fensirin kala, ki ce ta zana miki amarya. Kada ki gyara mata komai, kada ki ce uffan. Ki zuba ido kawai ki ga wane fensir hannunta zai kai wa idan ta zo kan fuska.

Ni ban shirya wannan gwaji ba, faɗo mini ya yi. Wata Asabar na sauko daga aikin dare, ido duk yaji, na tarar da ɗiyata mai shekara shida kwance rub da ciki a kan tabarma tana zane. Amarya ta zana, har da lalle a hannu da ƙafa, da ɗaurin ɗankwali ya fi kan girma. Da ta zo fuska sai ta tsallake ruwan ƙasa, ta tsallake baƙi, ta ɗauko wannan fensir mai kama da cikin gwanda da bai gama nuna ba. Na ce, "Me ya sa ba ki sa wancan ba, mai kama da ke?" Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Umma, amarya ai fara ce." Na ce, "To ke fa, ranar da za a kai ki ɗaki?" Nan ma ba ta yi dogon tunani ba. "Sai in shafa mai, irin na Anti."

Barcin da ban yi ba ke nan a ranar.

Ɗiyata baƙa ce, irin baƙin dangin babanta, mai sheƙi idan ta sha man kaɗanya. Ni wankan tarwaɗa ce. Ban taɓa buɗe baki na ce mata fari ya fi baƙi ba, babanta ma haka. To wa ya faɗa mata? Da na tashi na zagaya ɗakina da wannan tambaya a rai, sai na ga babu wanda ya faɗa mata, nuna mata aka yi. Kalandar da ke bango, kwalin sabulun wanka, jakar makarantarta mai hoton gimbiya da gashi kalar zinariya, fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa da muke kallo tare bayan isha'i, hotunan amaren da nake buɗewa a waya tana leƙe ta kafaɗata. Gani ya kori ji, haka muke cewa, amma ban taɓa lura cewa karin maganar nan yana aiki a kan yaro fiye da babba ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan Adam baƙaƙen fata a Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun riƙa ajiye wa yara baƙaƙe 'yan shekara uku zuwa bakwai 'yartsana fara da baƙa, suna tambayar su wadda suka fi so da wadda ta fi kyau. Mafi yawansu farar suka nuna. Sakamakon ya kai har gaban kotun ƙolin Amurka a shari'ar 1954 da ta haramta raba makarantun yara bisa launin fata. Amma waɗancan yara a cikin fararen fata suke zaune, su ne 'yan tsiraru. Ɗiyata a Nahuce ta buɗe ido, a ƙasar Bunguɗu, inda duk wanda ta gani tun daga mai kiran salla har mai tallan ƙuli-ƙuli baƙin mutum ne. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Laifi tudu ne

Kafin in hango na kowa bari in fara da nawa. Ina ɗan taɓa rubutu idan aiki ya yi sauƙi, gajerun labarai da nake turawa zaurukan mata na WhatsApp. A daren nan na buɗe labarai biyar da na rubuta na ƙirga. Huɗu daga cikin taurarin farare ne sol, dogon hanci, gashi har gadon baya, ɗaya ma sai da na laƙaba mata kaka Balarabiya don in samu hujja. Baƙa ɗaya ce tak a cikin manyan 'yan wasana, ita ce kishiya mai bin bokaye. Ni da hannuna na rubuta haka, kuma ko sau ɗaya ban ji wani abu ya tsaya mini a wuya ba.

Ina na koyo? A littattafan da na girma da su. Ke ma idan kin yi 'yanmatancinki a shekarun 1990 ko farkon 2000 kin san su, waɗanda ake bugawa a Kano a kawo Gusau, mu karɓo haya mu ɓoye a cikin littafin lissafi. Ba zan taɓa raina su ba. Su suka koya wa dubban mata karatun boko na Hausa, su suka fara faɗin abin da ake rufewa game da auren dole da sakin wulaƙanci. Hafsat Abdulwaheed, wadda ta daɗe da zama a nan Gusau, ita ce mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa, So Aljannar Duniya, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya fitar a 1980. Bayanta su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka zo suka cika ɗakunanmu. Littafin Balaraba, Alhaki Kuykuyo Ne, har Turanci aka mayar da shi, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga a 2012.

Matsalar tana a bango. Ki tuna bangon yawancin littattafan kasuwa na wancan lokaci: mace da fuska kamar an shafa alli, leɓe ja, ido irin na 'yan fim ɗin Indiya. Da farko da hannu ake zanawa, da kwamfuta ta zo sai aka koma yanko hotunan matan wasu ƙasashe ana mannawa. Labarin na Fagge ne ko na Tudun Wada, tauraruwar tana tuƙa tuwo tana surfe, amma wadda ke bango ba ta taɓa ganin turmi ba. Yau littattafan sun koma waya, Wattpad da WhatsApp, bangon kuwa bai sauya hali ba, sai dai Baturkiya ta karɓi Ba'indiya. Na gwada ɗaya daga cikin manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira da ke zana hoto idan ka ba su umarni. Na ce a zana mini kyakkyawar Bahaushiya. Sai da na maimaita sau uku, ina ƙara cewa baƙa, baƙa ƙirin, kafin ta daina ba ni wata mai kama da 'yar Labanan sanye da atamfa. Na'ura ba ta da laifi, abin da muka tara mata ta dawo mana da shi.

Harshenmu ma yana da nasa. Farin ciki, farin jini, farar aniya a gefe guda. Baƙin ciki, baƙin jini, baƙar magana a ɗaya gefen. Ba na cikin masu cewa a sauya Hausa, kuma waɗannan kalmomi ba don fatar mutum aka yi su ba. Amma yarinya 'yar shekara biyar ba ta san haka ba. Tana jin an ce wance baƙar zuciya gare ta, an jima a ce da ita "ke baƙar nan, zo ki wuce." Idan ba a samu wanda ya tuna mata cewa kwallin da ke ƙawata ido baƙi ne, tawadar allo baƙa ce, rawani ɗan Kura da sarakuna ke taƙama da shi saboda duhunsa da sheƙinsa ake sayensa da tsada, to ita kaɗai za ta haɗa lissafinta.

Abin da nake gani a wurin aiki

Da a ce maganar ta tsaya a kan kwalliya da ban dame ki da ita ba. A asibiti nake ganin inda take ƙarewa.

Wata rana wata yarinya, ba ta fi shekara ashirin ba, ta kawo jaririyarta 'yar wata bakwai. Da na buɗe zanin goyon sai na ga fatar ta yi laushi kamar takardar da ta jiƙe, jijiyoyi kore-kore a bayyane, wuya da hammata sun saɓule, ƙuraje ko'ina. Fuskar fara, gaɓoɓin yatsu baƙaƙe. Ba sai an yi gwaji ba. Na tambaye ta abin da take shafa mata. Ta daɗe tana kallon ƙasa kafin ta fito da wata 'yar roba marar suna, haɗin da aka yi mata a kasuwa. Na fara faɗa, irin faɗan da muke yi idan gajiya ta haɗu da takaici. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Malama, ba ki san gidanmu ba. 'Ya'yan abokiyar zamana duk farare ne. Idan surukata ta shigo su take ɗauka. Wagga ko kallonta ba a yi."

Ban samu abin cewa ba. Wannan ba muguwar uwa ba ce. So take a ɗauki ɗiyarta.

Ki san abin da ke cikin irin waɗannan robobi. Galibi abu uku ne. Akwai sinadarin haidurokwinon, wanda idan aka daɗe ana shafawa yake barin tabo mai duhu a kumatu wanda ba ya fita. Akwai magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda likita ke rubutawa na ɗan lokaci don ciwon fata. Shafa su kullum yana sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa, makero ya samu wurin zama, kuma idan suka ratsa jini suna iya tayar da hawan jini da ciwon suga. Mu da ke ɗakin haihuwa mun san yadda ɗinki ke wahala a irin wannan fata. Na ukun shi ne makuri, ƙarfen nan mai ruwa-ruwa, mai lalata ƙoda da ƙwaƙwalwa, wanda ke bi ta mahaifa da ruwan nono ya isa ga jariri ko da uwar ce kawai ke shafawa. Mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani a kan abin da ƙarfe mai guba ke yi wa yaro ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waccan daga ƙasa ta fito ba da saninmu ba. Wannan da kuɗinmu muke sayowa. Fatar jariri kuma ta fi ta babba saurin tsotse abin da aka shafa mata.

Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man sauya launin fata, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Ana kama kaya, ana wayar da kai a rediyo, duk daidai ne. Amma ni a ganina muddin hoton da ke kan yarinya bai sauya ba, ka ƙwace roba ɗaya gobe za ta sayo wata.

Af, tunda muna nan: jariri da haske ake haihuwarsa, launinsa na gaskiya sai a hankali yake fitowa cikin makonni da watanni. Shi ya sa tsofaffi ke duba bakin kunne ranar barka. Idan ɗanki ya fara duhu bayan suna ba rana ce ta ƙona shi ba, ba kuma sabulu ne bai karɓe shi ba. Kamanninsa ne suke isowa.

Akwai wani ɓangaren kuma da ya shafe mu ma'aikata. Littattafan da na yi karatun jinya da su kusan duk hotunan ciki farar fata ce. An koya mana cewa ƙyanda jajayen ƙuraje ce, wanda numfashinsa ya gaza yana komawa shuɗi, mai ƙarancin jini yana yin fari fat. Ranar da na fara aiki na nemi ja da shuɗin nan a jikin yaranmu na rasa. Tsofaffin ma'aikata ne suka koya mini a aikace, kuma ke ma ya kamata ki sani. A baƙar fata ƙyanda ba lallai ta yi ja ba, ƙananan ƙuraje ne masu ɗan duhu, sau da yawa hannu ya fi ido saurin gane su, tare da zazzaɓi da tari da jan ido. Ƙarancin jini a cikin fatar ido ta ƙasa ake duba shi, da tafin hannu da harshe. Shawara a jariri kuwa ki duba farin idonsa da dasashinsa a hasken rana, ba a hasken fitila ba. Idan kin ga rawaya, musamman a kwanakin farko, ki kawo shi asibiti a ranar.

Wani ɗalibin likitanci a Landan, Malone Mukwende, haifaffen Zimbabuwe, ya gaji da wannan giɓi, a 2020 ya haɗa wani ɗan littafi mai suna Mind the Gap da ke nuna alamomin cututtuka a baƙar fata. A Disambar 2021 kuma zanen wani matashi ɗan jihar Ebonyi, Chidiebere Ibe, ya zagaya duniya. Ba wani abin mamaki ya zana ba: mace mai ciki baƙa, an nuna cikin mahaifarta, ɗan tayin ma baƙi. Mutane da yawa, har da likitoci, suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Ni ma ban taɓa gani ba, alhali na karɓi haihuwar da ban san adadinta ba. Na sa an buga mini shi a wani shagon kwamfuta a Gusau na manna a ɗakin awo. Abin da na lura shi ne mata sun fi tsayawa a gabansa fiye da tsohon hoton da ke gefe, suna nuna wa juna, suna tambaya ina mabiyiya take, ta ina ɗan yake cin abinci. Wata tsohuwa da ta rako jikarta ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe haka muke a ciki."

Matan da ke cikin jakarki

Ba sai kin je Landan ba kafin ki samu hoton mace baƙa da aka zana da daraja. Buɗe jakarki. Idan kina da naira ashirin, juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya sunanta Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali da ke yankin Abuja a yau. A hannun 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane, irin na gargajiya da ake yi ba na'ura. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. An nuna tukwanenta a Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ita kaɗai ce macen da aka rubuta sunanta a kan takardar kuɗinmu. Wanda ke gaban takardar kuwa Janar Murtala ne, yayan marubuciya Balaraba Ramat da na ambata ɗazu. A bayan naira goma kuma 'yan matan Fulani ne biyu ɗauke da ƙoren nono, irin waɗanda ke shigowa kasuwanninmu kullum.

Na nuna wa ɗiyata naira ashirin ɗin nan, wadda yanzu ko alewa biyu da ƙyar take saye. Ta ce, "Wace ce?" A nan na gane abin da ya sa hoto shi kaɗai bai isa ba. Shekara nawa matar nan tana wucewa ta hannunmu, mun ƙudundune ta, mun jefa ta a gwangwanin adashi, ba mu san sunanta ba? Hoto yana jawo ido, amma sai an haɗa shi da labari yake zama na yaro. Haka labari ba hoto. Mun ji Sarauniya Amina ta Zazzau, mun ji Nana Asma'u 'yar Shehu da ta rayu daga 1793 zuwa 1864, wadda ta naɗa jajis, ta ɗora musu malfa, ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru. Mu nan Zamfara muna da tamu, Sarauniya 'Yargoje, wadda masu tarihi ke cewa ta mulki ƙasar nan kusan shekara arba'in a ƙarni na 14. Ki tambayi 'yan ajin ɗiyarki su nawa suka san ta. Sannan ki tambaye su sunan gimbiyar da ke jikin jakarsu.

Wasu sun gane wannan haɗi na hoto da rubutu sun mayar da shi aikinsu. Fati Abubakar 'yar Maiduguri, wadda ita ma jinya ta karanta, ta gaji da yadda duniya ba ta ganin komai a Borno sai gawa da kango. A 2015 ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram, tana ɗaukar hotunan mutanen garinta, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da amare, tana rubuta 'yan layuka na abin da kowa ya faɗa mata a ƙasa. Mu da ake ambaton jiharmu kullum da labarin 'yan bindiga mun san wannan ƙishirwa. A Amurka kuma akwai Vashti Harrison, mai zane kuma marubuciya, wadda a 2017 ta fitar da littafin yara na tarihin fitattun mata baƙaƙe, kowace da zanenta a shafi ɗaya, labarinta a shafin da ke kallonsa. Ita ta zana hotunan Sulwe, littafin da 'yar fim ɗin Kenya Lupita Nyong'o ta rubuta a 2019 a kan yarinyar da ta fi kowa duhu a gidansu, take roƙon ta wayi gari da haske. A 2024 Vashti ta zama baƙar mace ta farko da ta ci lambar Caldecott, babbar kyautar masu zanen littattafan yara a can. A Legas ma wani uba, Taofick Okoya, ya fara ƙera 'yartsana baƙaƙe masu kayan gargajiya, Queens of Africa, a 2007.

Na san abin da ke ranki, don ni ma ya zo mini: hukuncin zanen abu mai rai. Ni ba malama ba ce, kuma malamai sun yi maganganu mabambanta a kai, kowa ta tambayi wanda ta amince da iliminsa. Abin da na riƙe shi ne ya tabbata Nana A'isha ta yi wasa da 'yartsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma malamai da yawa sun sassauta a kan abin da ya shafi wasan yara da koyarwa. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyin Allah. Sannan ko mun zana ko ba mu zana ba, hotuna sun riga sun cika gidajenmu, a kwali da leda da waya. Wadda zuciyarta ba ta natsu da zanen fuska ba tana da hanya: hannu mai lalle, kitson shuku ta baya, mace da tulu a ka an hango ta daga nesa. Duk ana iya yi musu launinmu.

Daga wayar da ke hannunki

Idan ɗanki yana firamaren gwamnati, wataƙila kin taɓa ganin littattafan shirin RANA na koyon karatu da lissafi da Hausa, wanda aka fara a Zamfara da Katsina a 2015 da tallafin UNICEF. Yaran da ke cikin hotunan irin namu ne, da sunaye irin namu. Idan akwai shi a gida kada ki bari a yage shi a ƙulla ƙosai.

A waya kuma ki nemi African Storybook. Wata ƙungiya ce a Afirka ta Kudu ta fara shi a 2014, labaran yara ne masu zane a harsunan Afirka da yawa, har da Hausa, kuma kyauta ne. Ki sauke kaɗan lokacin da kike da data, ki karanta musu ko babu sabis. Hausar wasu labaran tana da ɗan tsami, fassara ce, ni ina gyarawa da bakina idan ina karantawa. StoryWeaver ma yana da na Hausa.

Wanda ya fi duka tasiri a gidana bai ci ko kwabo ba. Na ɗauki hoton kakata a waya, tana zaune tana kaɗa auduga da mazari, na sa ɗiyata ta kwaikwaya a takarda. Da ta gama na ce ta je ta tambayi tsohuwar abu uku: wa ya yi mata zanen fuskarta, me aka kai mata a gara, wace waƙa suke yi a dandali. Ta dawo da amsoshi, na rubuta mata a ƙasan zanen da manyan baƙaƙe. Yanzu muna da shafi bakwai: kaka, ungozomar unguwarmu, mai kitso, malamar Islamiyyarsu, wata mai tuyar masa, ni da fararen kayan aiki, da 'Yargoje wadda ta zana da rawani da takobi don ta ce sarauniya ba ta yawo hannu sake. Na ɗinke su da zare da allura. Tsohuwar da ba ta karatun boko ta sa an karanta mata shafinta sau uku, ta ce an rage mata tsawon wuya.

Sannan bakinmu. Ranar suna idan kin ɗauki jaririya, me ke fara fitowa? "Kai, wannan fara ce tubarkalla." Idan baƙa ce sai a yi ɗan shiru, a ce "to, Allah ya raya." Yayyenta mata suna tsaye a wurin, suna jin duka biyun. Ni ma na sha faɗa. Haka "baƙa ce amma kyakkyawa", wannan "amma" ɗin ta fi zagi ciwo. A sabon labarin da nake rubutawa tauraruwar baƙa ce, kuma na hana kaina rubuta wannan kalma a bayan launinta. Wata mai karatu ta turo mini saƙo ta ce labarin ya yi daɗi, sai dai ta kasa hango yadda Alhajin zai haukace a kanta. Na ce ta ci gaba da karantawa.

Yarinyar nan mai jaririya ta dawo bayan wata biyu. Fatar ta fara murmurewa, launinta na asali yana dawowa a hankali, dabbare-dabbare. Ban tambaye ta ko surukar ta fara ɗaukar ɗiyar ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ɗiyata kuwa har yanzu wani lokaci da fensirin gwandar nan take yi wa amarya fuska, musamman idan ta kwana biyu tana kallon fim. Amma ruwan ƙasa ne ya fara ƙarewa a kwalin, ya zama ɗan guntu da ƙyar take riƙewa. Kamfanin Crayola ya fitar da kwali na musamman mai launukan fata 24 a 2020, na zagaya shagunan da na sani a Gusau ban samu ba. Mai shagon da na saba da shi ya ce ba a sayar da ruwan ƙasa shi kaɗai, sai dai in sayi kwali guda. Na sayi biyu.